Jar Motar Baba Mukhtari a Kan Ƙanƙara

Shekara biyu ke nan Abiba tana kula da Baba Mukhtari, amma abin da ta taɓa gani na motarsa bai wuce ƙasan tayoyi da gefen taga ba. Motar tana cikin wani tsohon gareji da yake haya a bayan benen da yake zaune, kusa da Fordham Road a birnin New York, an lulluɓe ta da tamfol mai ruwan toka. Duk Asabar, in ƙafarsa ta yarda, Abiba takan riƙe masa hannu su sauka, ya buɗe garejin, ya tayar da injin ta tagar da yake ɗan yaye wa tamfol, ya saurara na minti goma, ya kashe, su koma sama. Bai taɓa yaye ta duka ba. Ita kuma ba ta taɓa roƙonsa ba, ko da yake abin yana cin ta.

Abiba 'yar zangon Kumasi ce, shekarunta arba'in da huɗu. Mahaifinta makaniki ne, a cikin ƙarafa da baƙin mai ta tashi, kuma tun tana 'yar shekara sha biyar take juya masa tsohuwar a-kori-kurarsa a cikin fili. Da ta zo New York sai aikin kula da tsofaffi ya samu, ta riƙe shi da kyau. Baba Mukhtari kuwa Bazazzagi ne, injiniya, ya yi shekara talatin yana aikin duba gadoji kafin ya yi ritaya. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi, bai taɓa masa harshe ko ƙwaƙwalwa ba, amma ƙafarsa ta hagu ta yi nauyi. Motar kuwa mai giyar hannu ce. Tun da ƙafar ta kasa taka kuloci bai sake fita da ita ba.

Wata rana tana yanke masa farce ta tambaye shi, a Hausarta ta zango wadda ke kiran komai "shi": "Baba, motan nan naka, ko lokacin da kake da lafiya kana fita da shi cikin sanyi?"

Ya ce, "Ko sau ɗaya. Daga Nuwamba take kwanciya, sai ruwan Afrilu ya wanke titi."

"Saboda santsi?"

"Saboda gishiri. Ke gishirin miya kika sani. Na shiga ƙarƙashin gada na sa yatsa a ƙarfen da ya fi cinyata kauri, ya marmashe kamar ƙuli-ƙuli. Gishirin da ake zuba wa titi ne ya ci shi a hankali. Shekara goma sha tara motar nan ba ta ɗanɗana shi ba."

Abiba ta daɗe tana juya maganar. A wurinsu mota abin aiki ce, ana hawanta har ta mutu, a tashe ta a sake hawa. Motar da ake kwantarwa rabin shekara kamar mai jego, wannan sai dai ta gani da idonta.

A watan Fabrairu aka yi dusar ƙanƙara kwana biyu a jere. Ran Talata da hantsi, ta gama ba shi kunu da maganin safe, sai mai kula da benen ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ya ce dusar ta yi wa rufin garejin nauyi, katakon tsakiya ya tsage, shi da kunnensa ya ji ƙarar. Duk mai kaya a ciki ya fitar kafin azahar, daga nan zai ɗaure ƙofar da sarƙa kada wani ya shiga.

Baba ya sa aka kira masu janwe har wuri huɗu. Kowa ya ce sai gobe, gari ya cika da motocin da suka maƙale. Ya kira Gafaru, makanikinsa, wani mutumin Tamale da ke da gareji a Jerome Avenue. Gafaru ya ce akwai wurin ajiye ta a cikin rumfarsa, amma shi kaɗai ne a bakin aiki, ba zai iya rufewa ya zo ba. Ya kira 'yarsa Halima Sa'adiya da ke zaune can nesa a unguwar St. George, wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka ba, don a asibiti take aiki.

Ya ajiye wayar a kan cinyarsa. Ya dubi Abiba.

"Kin ce kin iya giyar hannu."

"Na iya, Baba. Amma ban taɓa tuƙi a kan sino, dusan ƙanƙara nan, da irin wannan mota ba."

"Ni ma haka. Mil biyu ne kawai."

Ta ce ita za ta kai motar, shi ya zauna a gida. Ya ce motar tana da halin da sai an faɗa wa mutum, kuma in ta bar shi shi kaɗai a gida ai ta bar aikinta. Ta san wayo yake mata. Ta kuma san ya kamata ta ƙi. Amma zuciyarta ta riga ta sauka garejin. Ta sa masa riga uku da safa biyu da hular sanyi, ta zuba maganin rana a jaka, ta tura wa Halima saƙo.

Suna bakin ƙofa ya ce, "Buhun shinkafar nan da ke kicin, a sauko da shi."

"Gafaru za mu kai ma?"

"A but za mu sa. Motocin da kika saba ja a nan, tayoyin gaba ne ke jan su, inji kuma yana danne su. Wannan tayoyin baya ne ke tura ta, bayan kuma ba nauyi. Sai an ɗora mata kaya ta kama ƙasa."

Mai kula da benen ya ɗauko buhun a kafaɗa, ya taya ta yaye tamfol ɗin.

Ja ce, ja wur, kujera biyu rak, doguwar hanci, gajeriya har Abiba tana iya dafa rufinta da gwiwar hannu. Ta zagaya ta sau ɗaya, ta durƙusa ta leƙa ƙasanta. Tsakanin motar da siminti bai fi tsawon tafin hannu ba. Tayoyin faffaɗa ne, zanensu kaɗan. Ta danna ɗaya da babban yatsa, ta ji shi da tauri kamar katako.

Baba ya ce, "Na lokacin zafi ne. Sanyi yana daskarar da su. Shi ya sa za mu tafi kamar masu rakiyar amarya."

Shigar da shi ya ɗauki lokaci, don kujerar kusan a ƙasa take. Sai da suka riƙe shi su biyu, ta ɗaga masa ƙafar hagu ta shigar, ta ɗaura masa bel. Da ta zauna a nata gefen sai ta ji kamar a kan tabarma take, ƙafafunta a miƙe. Ta murza makulli. Ƙarar da ta saba ji daga waje daban take a ciki, ta bayanta take shigowa, har cikin haƙarƙari.

Ta sa giya ɗaya, ta saki kuloci yadda ta saba. A kan simintin gareji motar ta tafi lafiya. Tayoyin baya na taka dusa sai suka hau juyawa a wuri ɗaya, bayan motar ya karkata hagu a hankali.

"Saki totur. Sa giya biyu, ki tashi da ita. Ƙarfinta ya yi wa ƙasar nan yawa."

Ta yi yadda ya ce. Motar ta ɗan yi gunaguni, ta soma rarrafe.

A ƙarshen lungun akwai filin ajiye motoci na wani kantin kayan ɗaki da bai buɗe ba ranar. An share rabinsa, ba mota ko ɗaya. Abiba ta ce ba za ta hau titi ba sai ta san da wa take tafiya. Ta shiga filin, ta ɗan yi gudu kamar na keke, ta taka birki. Birkin ya yi ta kakkarwa a ƙarƙashin ƙafarta, motar kuma ta ci gaba da tafiya har tsawon mota uku kafin ta tsaya. Ta sake, ta ƙirga. Sannan ta karya kwana, ta ƙara totur kaɗan don ta ga abin da zai faru.

Bayan motar ya zagayo kamar an ja shi da igiya. Kanti ya wuce ta gabanta, katanga ta wuce, bishiya ta wuce, suka tsaya suna kallon inda suka fito.

Ta dubi Baba da sauri. Ya riƙe ƙofa da hannun dama, amma idonsa a buɗe yake tar.

Ya ce, "Ashe haka take yi. A takarda na san shi, ban taɓa jin sa a jikina ba. Sake."

"Baba, hawan jininka."

"Sake sau ɗaya. In bayan ya tafi dama, ki juya sitiyari dama, kada ki taɓa birki. Ki kalli inda kike son zuwa, ba abin da kike tsoro ba."

Ta sake har sau biyar. A na huɗu ta gane cewa motar tana faɗa mata tun kafin ta zame: kujerar tana ɗan yin sauƙi a ƙarƙashinta, sitiyarin yana saki. A na biyar ta tare bayan tun bai yi nisa ba, motar ta miƙe. Ta ji wani daɗi da ta daɗe ba ta ji ba, irin na ranar da ta fara juya a-kori-kura ba tare da inji ya mutu ba.

Daga filin hanya biyu ce zuwa Jerome Avenue. Ɗaya ta babban titi, wanda aka share aka zuba wa gishiri, yana ta kwararar baƙin ruwa mai kauri, bas-bas suna fantsama shi. Ɗayar wani siririn layi ne mai gangara, fari fat, ba a taɓa shi ba sai sawun mota biyu ko uku.

Baba ya dubi baƙin ruwan ya yamutsa fuska. "Bi ta layin. Ya fi kusa, kuma da tsabta."

"Gangaren fa?"

"Ba shi da tsawo. Giya biyu, ki bar inji ya riƙe ta."

Ta bi. Farkon gangaren lafiya lau, dusar tana ƙara a ƙarƙashin taya kamar ana tauna rake. Suna kai tsakiya sai ƙarar ta ɗauke. Abiba ta ji shirun kafin ta ji komai. Ruwa ya kwaranyo daga wani gida ya daskare a ƙarƙashin dusar, titin ya zama gilashi. Ta juya sitiyari, ba abin da ya amsa. Motar ba gudu take ba, tafiyar mai ƙafa ma ta fi ta, amma ba ta hannun kowa. Ta karkace, ta soma sauka da gefe. Ga motoci a jere a bakin layin, dusa ta rufe su. Abiba ta hango tulin dusa tsakanin wata farar mota da sandar fitila, ta kafe idonta a kai, ta taka kuloci, ta bar birki. Tayoyin gaba suka ɗan sami abin kamawa, hancin ya juyo kaɗan, ya nutse cikin tulin a hankali. Suka tsaya.

Tsakaninsu da farar motar bai kai kamu ɗaya ba.

Ta kashe inji. Ta kama hannun Baba ta ji bugun jininsa, ta dubi fuskarsa, ta ce ya ɗaga hannu biyu, ya faɗi sunansa.

Ya ce, "Mukhtari. Lafiyata ƙalau. Laifina ne, Abiba."

"Ni ke riƙe da sitiyari, Baba."

Suna zaune ba su san abin yi ba, gaba tuli, baya gilashi, sai ga fitila mai ruwan lemo tana walƙiya daga saman layin. Motar zuba gishiri ce, ƙatuwa, da sarƙa a tayoyinta, wani faifai yana juyawa a bayanta yana watsa gishiri hagu da dama. Ta raɓa su a hankali. Gishirin ya zubo a kan ƙofa da bonet da gilashi, yana ƙara kamar ana watsa tsakuwa a kwano. Baba ya runtse ido har ta wuce.

Abiba ta tayar da inji don hita ta ɗumama Baba, ta fita ta duba ɓarna. Ban da wata 'yar tsaga a leɓen bamba ba abin da ya samu motar. Da ta sunkuya sai idonta ya kai kan titi. Ƙwayoyin gishirin manya ne kamar masara, launinsu toka-toka, ba irin na kicin ba. Kowace ƙwaya ta soma haƙa wa kanta ɗan rami a ƙanƙarar, ruwa yana taruwa kewaye da ita. Ta tsuguna tana kallo. Ramukan suka yi ta faɗi, wannan ya haɗu da wancan, baƙin kwalta ya fara leƙowa. Shekara tara tana taka gishirin nan, yana ɓata mata takalma, ba ta taɓa tsayawa ta ga yadda yake aiki ba.

Ta ƙwanƙwasa masa gilashi. "Baba, ba wuta, ba zafi, yaya yake narka shi?"

Ya sauke gilashin. Da ya soma bayani sai muryarsa ta dawo daidai. "Ruwa zalla da ya ji sanyi kaɗan sai ya daskare. In gishiri ya shiga cikinsa, sai sanyin ya fi haka tsanani kafin ya iya. Kullum akwai ɗan danshi a saman ƙanƙara, gishirin ya narke a ciki, ruwan gishirin ya ci gaba da cin na ƙasa."

"Shi ne kuma yake cin ƙarfe."

"Shi ne. Ruwan ya shiga lungun da ido ba ya gani, ya zauna."

Bayan kamar minti goma sha biyar wasu mata biyu da ke share ƙofar gidansu suka zo da shebur, suka buɗe wa hancin motar hanya, suka tura. Abiba ta sa ribas, ta saki kuloci kaɗan-kaɗan. Tayoyin suka kama kwalta, motar ta fito.

Motar gishirin ta sake zagayowa, tana can ƙasan layin, ta tsaya a danja. Baba ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Bi bayanta. Amma kada ki matsa kusa."

Haka suka bi ta har ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa a Jerome Avenue, baƙin ruwa yana fantsama a ƙarƙashin motar, Abiba tana jin kowane taku na taya a tafin hannunta.

Gafaru ya fito yana goge hannu. Ya dubi motar, jar ta koma ruwan ƙasa har rabin ƙofa, ya dubi mai tuƙin.

"Injiniya, sannu da hanya. Anti, ke kika kawo shi? A tayan nan?"

Ta ce, "Ni da buhun shinkafa."

Suka zaunar da Baba a kujera kusa da hita, ta ba shi maganinsa da ruwan shayi. Gafaru ya ɗaga motar sama, ya jawo tiyo na ruwan ɗumi ya shiga wanke ƙarƙashinta, Baba yana nuna masa lungu-lungu da sandarsa. Abiba ta karɓi tocila ta shiga ƙarƙashi. Ƙarfen fes yake, ba ɗigon tsatsa. Ta bi doguwar farfela da haske tun daga giya har inda ta rabu biyu zuwa tayoyin baya, ta ga ta inda ƙarfin da ya juya su a fili yake bi. Tana cikin tambayar Gafaru sunan wani ƙarfe sai wayarta ta yi ƙara.

Halima Sa'adiya ce. A New York aka haife ta, tana jin Hausa sarai, amma in ranta ya ɓaci Turanci ke fitowa. Ta ce mutumin da ya taɓa shanyewa, a fita da shi cikin wannan yanayi saboda mota? In da sun bugi wani abu fa? In da ya faɗi a bakin gareji? Abiba ba ta kare kanta ba. Ta gaya mata komai, har zamewar da suka yi a gangare, ta ce gaskiyarta ne, ba za a sake ba. Baba ya miƙo hannu a ba shi wayar, ta ƙi, ta ce wannan tsakaninta da Halima ne. Wani direban tasi abokin Gafaru ya mai da su gida kafin la'asar.

Kwana goma Halima tana kira ta tambayi maganin mahaifinta da abincinsa, ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kai. Abiba ta ɗauka za a nemi wata a madadinta, ta fara shirin haka a ranta.

Ran Lahadi ta biyu Halima ta zo da kanta. Ta zauna da mahaifinta har ya yi barcin rana, sannan ta shigo kicin inda Abiba ke yanka kuɓewa. Ta jingina da firji.

Ta ce, cikin Hausarta mai ɗan tsayawa, "Anti, tun ina makaranta motar nan take gidanmu. Sau uku ya taɓa ɗaukata a ciki. Ban taɓa zama a kujerar direba ba." Ta dubi Abiba. "Yaya take?"

Abiba ta ajiye wuƙa. "Yana da ƙarfi, amma ba ya ɓoye abin da zai yi. In kin saurara zai faɗa miki."

"Ni giyar hannu ma ban iya ba."

"Ba wuya. Ƙafan hagu ne kawai zai koyi haƙuri."

"In gari ya yi ɗumi, za ki koya mini? Shi ba zai iya ba, kuma in ya iya ma faɗa za mu yi."

Abiba ta wanke hannu ta goge a zaninta. Ta jawo kujera tsakiyar kicin ta ce Halima ta zauna. Ta kwaso silifa uku daga bakin ƙofa ta jera su a gabanta.

"Wannan kuloci, wannan birki, wannan totur. Cire takalminki. Taka na hagu har ƙasa, ki ɗago shi a hankali, ina ƙirga miki."